Jinin Baba Tawa

Duk unguwar Oje an san Baba Tawa yana da hawan jini, don shi da bakinsa ya bi gida-gida ya sanar. Tun da ya bar aikin jirgin ƙasa ciwon nan ya zame masa sana'a. Kullum da hantsi sai ya zura agbada, ya haye tudu har kemis ɗin Kolapo yana haki kamar wanda aka koro. Can zai tarar da tsofaffin abokansa a benci, a tafka musun siyasa har jijiyar wuya ta miƙe, sannan ya ba da damtse a ɗaura masa na'ura. Kolapo kuwa Allah bai ba shi ƙaramar murya ba.

"Baba, ɗari da saba'in!"

Sai benci ya ɗauka, "Haa! Sannu, Baba!" Shi kuma ya gyara zaman hula, ya gangaro gida kamar an naɗa shi sarauta.

A gida lambar nan ce ke mulki. In matarsa Iya Tawa ta ce rufi na yoyo, sai ya dafe ƙirji. In ta ce ƙaninsa da ya zo kwana biyu ya kusa shekara, sai ya ce, "Iya Tawa, binne ni kike son yi?" Ita ke tuƙa amala, ita ke jan ruwa, ita ke zaman shago, ita ke zuwa biki da makoki a madadinsa. Mutumin da ko tsinke ba ya kawarwa, amma duk tsokar da ke cikin miya tasa ce, wai an ce kada ransa ya ɓaci.

Ana haka 'yarsu Tawa, wadda ke aikin jinya a Legas, ta zo hutu da ɗan kwali.

"Baami, ka huta da hawan tudu. Ga abin awo na gida na sayo maka."

Ya kalli abin a wulaƙance. "Wannan ɗan rediyon? Na Kolapo fa ya auna alƙalai da shugabannin makaranta. Wannan wa ya taɓa aunawa?"

"Kai zai fara. Zauna ka jingina, ka huta. Ban da magana."

Ban da maganar nan ta fi komai yi masa wuya. Ya zauna yana hararar bango, na'ura ta kumbura, ta matse, ta saki.

"Ɗari da ashirin da biyar," in ji Tawa tana murmushi. "Baami, ka fi ni lafiya. Tudu da musu ne ke ɗaga maka shi."

Wani da murna zai yi, shi kuwa rufin da ke yoyo ya hango, da guga, da zaman shago. Ya ce a sake. Aka sake, lambar ta ƙara sauka, don rashin kunya.

"Kayan Legas ke nan! An cuce ki, yarinya. Kowa lamba ɗaya yake ba shi." Ya ɗaga murya. "Iya Tawa! Zo a ɗaura miki, ke da ba abin da ke damun ki, ki ga in ba abin da ya faɗa min zai faɗa miki ba."

Ta fito daga kicin tana goge hannu da zane. Ba a taɓa auna ta ba, ina ta ga lokaci? Ta zauna a bakin kujera, kunnenta na kan tukunya.

Na'ura ta matse, ta saki. Murmushin Tawa ya ɗauke. Ta ce uwar ta jingina ta huta, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun.

"Maami, kanki na ciwo?"

"Wanda nake kwana da shi in tashi da shi? Ai na ɗauka haka kan kowa yake."

"Nawa ne?" in ji Baba Tawa, murya ta yi ƙasa.

"Ɗari biyu da goma. Asibiti za mu, yanzun nan. Bari in taro mota."

Shi da ya san darajar lamba fiye da kowa a Oje, ya san wannan ba ta benci ba ce, ba wadda ake cewa sannu a wuce ba. Tsoro ya kama shi, na gaske, irin wanda bai taɓa ji a kemis ba. Ya zabura ya faɗa ɗaki, ya fito, ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya koma, yana ta salati.

"Iya Tawa!" ya ƙwala daga ciki. "Ina kika ajiye min takalmin fita?"

Ta dafa gwiwa ta miƙe, na'urar na reto a damtsenta, ta shiga nemo masa.