Rabon Inna Asabe

Duk unguwar da ke bayan kasuwar Bukkuyum babu wanda bai san rabon Inna Asabe ba. In ƙuli-ƙuli ɗaya ya shigo gidan, sai ta ɗora shi a kan faifai ta farfasa shi gida tara, ta daɗe tana ƙare wa gutsattsarin kallo kamar mai awon zinariya, ta rage wa wannan ta ƙara wa wancan, sannan ta kira yara. Mata kan tsokane ta da cewa ko ƙwayar gero aka ba ta sai ta nemi reza. Ko a jikinta. Amsarta ɗaya ce kullum, wai kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Yaran tara ba duka ne jininta ba. Biyar jikokinta ne, huɗu na maƙwabtan da suka gudo tare daga ƙauyensu na wajen Tungar Guru, shekarar da 'yan bindiga suka hana kowa zuwa gona. Gida ɗaya suka samu, tukunya ɗaya suke ɗorawa, yara kuma kwano ɗaya suke zagayewa. Dokar kwanon ta Inna ce: kowa ya ci gabansa. Wanda ya kai hannu gaban wani, ranƙwashi ne rabonsa, ko da jikan da ta fi ji da shi ne. Wannan hali yana da asali. Ita a hannun goggonta ta tashi, gidan da ake shigar da 'ya'yan ciki ɗaki a ba su nama a asirce, ita kuma a miƙo mata ƙanzo a tsakar gida. Ta haura sittin yanzu, amma har yau ba ta manta ƙarar rufe ƙofar nan ba.

Autan kwanon shi ne Lukman, ɗan ɗanta. Uwarsa Naja'atu ta samu ciki yana da shekara ɗaya da rabi, aka cire shi daga nono rana ɗaya aka danƙa wa kakarsa, kamar yadda aka saba. Inna ta yaye yara da ba ta san iyakarsu ba, don haka da yaron ya fara ramewa ba ta tada hankalinta ba. Ta ce kewar nono ce. Da zawo ya biyo baya ta ce haƙori ne. Ta jiƙa masa saiwa, ta karɓo rubutu. Abinci kuwa ba a fasa ba shi ba: koko tsararo da safe, tuwon masara da miyar kuka da yamma, miyar da rabonta da mai ko kifi tun sallah. Sai dai kafin ɗan hannunsa ya gutsuro loma biyu, manyan sun suɗe kwano. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ya daina tafiyar da ya fara, ya koma zaune yana kallon mutane da idon tsoho. Inna ta kan ɗaga shi ta ce, "Maigidana, hushi kake da ni?" Ko murmushi ba ya yi.

Naja'atu ce ta matsa aka kai shi ƙaramin asibitin garin ranar awon yara. Mai awon, Malama Zipporah, mutuniyar kudancin Kaduna ce da ta shekara goma sha a nan, har Hausarta ta fara karkata irin ta mutanen wurin. Ta naɗa wa Lukman abin awon damtse mai launi uku, kore da rawaya da ja, ta ja shi a hankali. Ya wuce kore, ya wuce rawaya, ya tsaya can cikin ja. Ta ce tamowa ce, kuma mai tsanani. Ta ba su ledoji goma sha huɗu na gyaɗar asibiti, kwaɓin nan mai zaƙi da ake ba yara masu tamowa, ta ce biyu kullum, a dawo bayan mako da ledojin da aka shanye.

Ranar da aka ce, Inna ta dawo da ledoji goma sha huɗu cif, ta wanke su tas ta ninke. Aka ɗora Lukman a sikeli, bai ƙaru ba. Mako na biyu ma haka, har ya ɗan ragu. Wata mata a layi ta yi ƙasa da murya ta ce ai an san masu kai wa 'yan tebur a kasuwa. Inna ta ji, kunnuwanta suka yi zafi.

Malama Zipporah ba ta zargi kowa ba. Ta yage leda ɗaya ta sa wa yaron a baki. Lukman ya kama da hannu biyu yana tsotsa yana nishi, bai saki ba sai da ya kusa shanyewa. Malamar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo ta tambayi Inna yadda take ba shi a gida.

Inna ta gyara zama, don an zo fagenta. Ta yi bayani dalla-dalla, har da alfahari: ta kan jera yaran tara, kowa ya miƙo ɗan yatsa, ta matsa wa kowa daidai da na ɗan'uwansa, Lukman kuma ta bar masa lasar leda tunda da sunansa aka karɓo. Matan layi suka kwashe da dariya. Malama Zipporah ba ta yi ba.

"Inna, da maganin zazzaɓi na ba shi, za ki raba musu?"

"Wanga daban na, ɗiyata. Magani ɗaci garai, ba yaron da ka roƙo nai. Wanga ko zaƙi garai. Ƙaƙa za ni ba guda, takwas na kallo?"

Malamar ta jawo kujerarta kusa, ta rage murya yadda su biyu kaɗai za su ji. Ta ce takwas ɗin yunwa suke ji, wannan kuwa mutuwa yake yi, kuma ba abu ɗaya ba ne. Ta ce in mako mai zuwa bai ƙaru ba, sai dai a tura shi babban asibiti a Anka a sa masa roba ta hanci, kuma ta tura yara da dama haka, ba duka suka dawo ba. Inna ta san hanyar Anka. Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukansu ta bi ta da jika a goye, ta dawo da zane kawai. Ta ɗauki Lukman ta goya, ta karɓi ledojin, har ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

A gida Naja'atu ta kawo shawara mai sauƙi: a riƙa shiga da shi ɗaki a rufo ƙofa, yara ba za su gani ba balle ransu ya biya. Inna ta yi mata wani kallo da ya sa ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ta ce yaro na jin ƙamshi ta ƙasan ƙofa, ita shaida ce. In dai za ta yi wariya da tsufanta, to a fili za ta yi, kowa ya gani ya ji haushinta, ba za ta haɗa musu da munafunci ba.

Da la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yara suka jeru da kansu, kowa ya miƙo ɗan yatsa kamar kullum. Inna ta ce su mayar da hannuwansu. Ta gaya musu gaskiya ba ƙari: wannan abu na Lukman ne shi kaɗai, don in bai ci shi kaɗai ba zai mutu. Sannan ta yage ledar ta sa masa a baki, ta zauna idanu goma sha shida suna kanta. Ƙananan suka fashe da kuka. Ba ta sauke hannunta ba sai da ledar ta ƙare. Wanda bai san Inna ba zai ce ƙaramin abu ne. Mu da muka san ta mun san gara a ce ta ɗauki buhun dawa daga nan zuwa Gummi a ka.

Zinatu ce ba ta yi kuka ba, kuma nata ya fi ciwo. Shekararta shida, marainiya ce, 'yar maƙwabciyar da ta rasu a hanyar gudu, kuma tun daga ranar a bayan Inna take kwana. Ta tsaya ta dubi tsohuwar ido cikin ido.

"Inna, ke kinka ce kowa yac ci shi kaɗai, shi kaɗai za ya mutu."

"Ni nic ce."

"Don shi jikanki na?"

Inna ta kawar da kai ta shiga ninke ledar. Daga ranar Zinatu ta ɗauke tabarmarta ta koma ɗakin Naja'atu, in Inna ta aike ta sai ta je ta dawo ba magana. Wannan ya ci wa Inna rai fiye da gulmar mata a bakin rijiya, masu cewa ashe mai rabon adalci ma ta san nata.

Amma ba ta zauna tana lasar miki ba. Malama Zipporah ta taɓa gaya wa mata a wurin awo cewa gero da gyaɗa da waken suya, in aka soya aka niƙa tare, suna gina jikin yaro fiye da koko. Lokacin cirar gyaɗa ne, sai Inna ta fara fita da sassafe da ƙwarya zuwa gonakin bakin gari tana kala, tana tone abin da masu gona suka bari a ƙasa, gwiwoyinta na ƙara. Ta yi wa wata mai waken suya surfe aka ba ta tiya guda. Ta soya, ta daka, ta tankaɗe, ta zuba garin zogale, ta kwaɓa da ɗan man ƙuli. Ta roƙi Malama ta bar mata tsofaffin ledojin bayan an ƙirga, ta ɗura kwaɓin a ciki, don ta lura rabin kwaɗayin yaran na ledar ne. Yanzu in Lukman na shan tasa, takwas ɗin ma kowa na riƙe da tasa.

Ƙananan suka yarda. Zinatu ta lasa sau ɗaya ta ce ba iri ɗaya ba ne. Inna ta ce ta sani. Yarinyar ta ɗan tsaya, da alama ƙarya ta zata za a yi mata, sannan ta zauna nesa kaɗan ta shanye.

Mako na uku sikeli ya motsa. Na biyar abin awo ya fita daga ja ya shiga rawaya. Lukman ya fara kama bango yana miƙewa, ya fara kukan rigima, wanda Inna ta ce ya fi mata kiɗan kalangu daɗi. Ranar da awon ya taɓa kore, Malama Zipporah ta ɗaga damtsen yaron sama ta nuna wa layi, ta ce su tambayi tsohuwar nan yadda ake kwaɓin gero da gyaɗa. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce a bar ta da kunyarta, ita da ta kusa kashe miji da adalci.

Da yammacin ranar aka sauke tuwo. An samu busasshen kifi ɗaya, Inna ta raba shi tara kamar yadda ta saba, ta ajiye wa kowa nasa a gabansa cikin kwano. Ta koma gefe tana tsintar wake. Lukman, wanda wata biyu da suka wuce sai an ɗaga masa hannu, ya cinye nasa, ya dubi hagu ya dubi dama, ya dafa bakin kwano ya miƙa hannu can gaban Zinatu, ya damƙe kifinta ya cusa a baki.

Yara bakwai suka juya suna kallon Inna, don kowa a cikinsu ya san kuɗin wannan laifi a tsakiyar kansa. Zinatu ta dubi gurbin kifinta, ta dubi kumatun Lukman da suka cika suna motsi, miya na bin haɓarsa.

"Inna, kin gani?"

Inna ba ta ɗago ba. Waken da ke cikin faifai ya dushe mata, hawaye na ɗiga a kai, ta ci gaba da tsinta a haka.

"Ban ga komi ba."

Sai Zinatu ta sa hannu ta juya kwanon, wajen da ya fi miya ya koma gaban Lukman.

"Ni ma ban gani ba," in ji ta.