Jan Bulon Malam Tanko

"Wannan na nawa ke nan, Baba?" Delu ta tambaya daga bakin kaskon ƙosanta.

Malam Tanko bai waiwayo ba. Ya zare jan bulo daga jikin bango, ya naɗe a buhu, ya yi tari har da dafa gwiwa, ya wuce ɗakinsa na bayan gida.

Gidan tun na zamanin Turawa ne a Doka, mai doguwar baranda da tagogi masu baka. Gwamnati ta kafa allo a ƙofa cewa kayan tarihi ne, ko ƙusa kada a buga. Shi Malam Tanko tsohon magini ne, aka ba shi gadi da wurin kwana. To mai gadi ne kuma ke kwasar bango? Delu akwai ido, sati uku tana lura kullum kafin ta tashi daga suya da hantsi. Ita dai ta san ruwa ba ya tsami banza.

Ran Alhamis ta tare Ja'afaru, ma'aikacin da ke zagayen duba gidan.

"Yallaɓai, ni ban ce sata ba. Amma ku leƙa ɗakinsa."

"In haka ne, ran Litinin zai bar mana wurin."

Sai da ya tafi gabanta ya faɗi. Tsoho mai tari, ba ɗa ba jika, ina zai nufa?

Asubar Litinin ba a ga Malam Tanko a sahu ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Da la'asar Ja'afaru ya buɗe ɗakin, Delu na bayansa. Ga bulo bakwai jere a kan buhu, an kankare su tas, kowanne da lamba da gawayi. Ya fita ya bi bango da hannu, ya dawo jiki a sanyaye.

"Juya su yake yi, da yamma ya mayar," in ji shi. "Fuskar da ruwa ya cinye ta koma ciki, lafiyayyar ta dawo waje. Da farar ƙasa yake ɗinkewa, don siminti fasa irin wannan bulon yake."

Kunya ta kama Delu. "Ya san an kai ƙararsa?"

"Tun Juma'a na aiko masa takarda."

A bayan ƙofa ga bargonsa da buta a ɗaure cikin ƙulli ɗaya. Kusa da su daron kwaɓin farar ƙasa ne, an rufe da jiƙaƙƙen tsumma, har yanzu bai bushe ba.