Sabon Fenti a Motar Baba

Likita ya ce Baba ya daina tuƙi. Bai yi masa kwana-kwana ba: idon hagu ya tafi, na dama yana bin sa a hankali. Baba ya ce to. Washegari ya ɗauki makulli ya tafi sayen baƙin mai.

Umma ta tsaya a bakin ƙofa har ya dawo.

"Malam, jiya-jiyan nan fa aka faɗa maka."

"Nan da nan ne. Hanyar nan ko a barci na san ta."

"Hanyar ka sani. Masu tsallaka ta fa, su ma ka haddace su?"

 Ya rataye makullin a ƙusa, ya nemi ruwan sha.

Baba direba ne tun yana saurayi. Wani kamfani ya yi wa aiki, da farko ɗaukar kaya, daga baya tuƙa manya. Da zai bar aiki ya sayi ɗaya daga cikin tsofaffin motocinsu, wadda shi kaɗai ya taɓa jan ta. Bai gina gida ba, bai ajiye fili ba. Abin da ya ajiye magana ce guda: sama da shekara talatin a kan titi, bai taɓa buge kowa ba, bai taɓa goga wa komai ba. Abokan aikinsa suna kiransa Baba Sannu, suna cewa ko jaki ya biyo shi a baya sai ya yi masa hon. Shi ma dariya yake yi. Idan hira ta kai can, ba ya musu da kowa, sai ya nuna motar da baki ya ce a je a duba.

Motar ruwan toka ce, rana ta ci samanta har ya koma fari-fari. Amma ba ta san garejin bakanike ba sai don gaisuwa. Kowace safiya Baba yana ɗaga bonet, ya zaro sandar mai ya goge a tsumma, ya leƙa ruwan lagireto, ya zaga tayoyi yana danna su da ƙafa. Idan wani abu ya fara ƙara, ranar yake nemo shi tun yana ƙarami. Kayan gyara kuwa na hannu yake saya, ya juya su, ya shinshina, ya mayar da uku kafin ya ɗauki ɗaya. Ba ya ba kowa sitiyari. Shi ya sa Auta, ƙaramin ɗansa, ya gama sakandare bai san giya ɗaya daga giya biyu ba.

Umma ta kira Yaya, babbar 'yarsu, ta zo daga gidanta. Suka zauna da shi a falo suka daɗe. Auta yana tsakar gida yana jin muryar Yaya tana hawa tana sauka. Maganarsu ɗaya ce: muddin motar nan tana ƙofar gida, Baba zai tuƙa ta, kuma wata rana zai tuƙa ta kan wani.

Da suka fito Baba ya kira shi.

"Auta, a sayar. Kai za ka tsaya a kai. Ni ba zan iya ciniki a kanta ba."

Auta gyaran waya yake yi, a wata rumfa da shi da abokinsa suke raba tebur. Rabin sana'ar ba gyara ba ce. Tsohuwar waya zai saya, ya canja mata gilashi da baya, ya goge ta da auduga, ya sa ta a leda. Wayar da babu mai kallo da safe, kafin la'asar an ɗauke ta. Abin da ya sani ke nan game da sayar da tsohon abu: ido ne ke saye.

Da wannan idon ya kalli motar. Ya ga farin saman, ya ga 'yan lotsawa nan da can inda ƙofofin wasu motoci suka taɓa ta a wurin fakin. Ya ji kunya a madadinta. Ya ce wa Baba za a kai ta a goge mata jiki, ya kira Dogo mai fenti ya zo ya ja ta.

"Duka?" in ji Dogo, yana zaga ta.

"Duka. Ina so ta fito kamar daga leda."

"Waɗannan 'yan tabon fa?"

"Ka shafe su."

Dogo ya ɗaga kafaɗa. Ya kwaɓa fila, farin ƙullun nan da ake cike lotsawa da shi, ya shafe kowane tabo, ya bi da samfefa har ya yi sumul, ya fesa. Auta ya biya da abin da ya tara don sayen kayan aiki, bai gaya wa kowa ba. Yana so Baba ya ga an girmama motarsa.

Ranar da ta dawo maƙwabta suka fito. Umma ta riƙe baki. "Ikon Allah! Wannan ai sai a ce ba tamu ba ce."

Baba ya fito a hankali. Ya tsaya nesa, sannan ya matso ya ɗora tafin hannu a kan bonet. Ya bi jikin da hannu har but ɗin baya, ya dawo ta ɗaya gefen. Ƙamshin fenti bai gama fita ba.

"Wa ya sa ka?"

"Don ta yi daraja ne, Baba."

"Me ta yi maka?"

Auta bai gane tambayar ba. Baba ya goge hannunsa a riga ya koma ciki.

Sai da Dogo ya kai masa ita filin sayar da motoci ya gane. Dillalin, wani gajere mai yawan tauna tsinke, ya tsaya gaban motar ya riƙe ƙugu.

"Kai, wane maƙiyin ne ya ba ku wannan shawara?"

"Ba ta yi kyau ba ne?"

"Ta yi kyau mana. Kyan ne matsalar. Ƙanena, motar hannu tsohon fentinta shi ne shaidarta. Da ka kawo ta da koɗewarta, mai saye zai ga komai a fili, ya san abin da ya saya. Yanzu duk wanda ya zo tambaya ɗaya zai yi: me aka ɓoye a ƙarƙashi?"

"Babu komai a ƙarƙashi."

"Ni na yarda. Sai dai ba ni zan saya ba."

Bayan 'yan kwanaki dillali ya kira, ya ce an sami mai so, a zo da mai mota. Baba da ya ce ba zai je ba, sai ga shi ya sa Umma ta goge masa farar rigarsa ta aiki. Suka hau bas shi da Auta. 

Mai sayen wani mai gidan burodi ne, mutum mai jiki da sakin fuska. Yana neman motar da za ta kai yaransa makaranta da safe, ta raba burodi da rana. Ya durƙusa ya gaishe da Baba da hannu biyu. Ya zo da bakanikensa, wani siriri mai jan ido, wanda tun kafin a gama gaisuwa ya fara ƙwanƙwasa jikin motar da bayan yatsa, kunnensa a kusa.

Sai ya fito da ɗan maganaɗisu daga aljihu, ya naɗe shi a ƙyalle, ya riƙa manna shi a jiki. Inda ƙarfe yake, ya kama. Ya kama a bonet, ya kama a ƙofar direba. A ƙofar baya ya faɗi ƙasa.

"Nan an buga," ya ce.

Ya ɗauka ya ci gaba. A gefen gaba, saman taya, ya sake faɗuwa.

"Nan ma. Fila ce."

"Ba a taɓa buga ta ba," in ji Baba.

Bakanike ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Baba, duk motocin da ke filin nan ba a taɓa buga ko ɗaya ba. Dukkansu wata tsohuwa ce ke zuwa asibiti da su a dawo a rufe da zane."

Dillali ya ƙyalƙyale, ya ga fuskar Baba, ya haɗiye sauran.

Auta ya matso. "Ni na sa aka yi fentin. 'Yan tabo ne na wurin fakin, mai fenti ya cike. Wallahi ko yatsa ba ya shiga."

"Haka ne, ɗan'uwa. Kullum mai fenti ne."

Ya ɗaga bonet, ya sa dillali ya tayar. Nan ya daina wasa. Ya sunkuya ya daɗe yana sauraro, ya zaro sandar mai ya murza a yatsa, ya leƙa ƙasa bai ga ɗigo ba. Ya miƙe ya dubi maigidansa.

"Inji kam, ko ɗa ba a riƙe shi haka. Ka saya. Bugun ma ba mai zurfi ba ne."

Mai burodi ya ji daɗi. Ya ce ba zai rage komai daga abin da dillali ya faɗa ba. Auta ya saki numfashi. Sai mutumin ya juya wajen Baba, yana so ya kyautata masa.

"Baba, kada ka damu da maganarsa. Ko an buga, ai ba komai ba ne. Wa zai yi shekarunka a titi bai taɓa goga wa wani abu ba? Mu ma duk mun yi. Kuma gyaran ya yi kyau."

Baba ya dube shi da idon da ya rage.

"Dillali, ba ni makullina."

"Haba Baba, ciniki fa ya faɗa!"

"Makullina."

Ya karɓa, ya rufe bonet da kansa, ya shiga. Auta ya zaga da gudu ya faɗa kujerar gefe. Ba shi da bakin hana Baba tuƙi. Shi ya jawo, kuma ko da Baba zai yarda ya sauka, shi ba zai iya kai motar ko bakin ƙofa ba.

Baba ya gyara madubi. Ya sa giya ba tare da motar ta ji ba. Suka bi tsakanin layukan motoci a hankali, ƙirjinsa kusa da sitiyari, fuskarsa kusan a jikin gilashi. A madubin gefe Auta yana hango dillali yana biyo su da hannu a sama.

Ƙofar filin tana buɗewa ne kan babban titi. Rana tsaka, motoci da babura suna wucewa kamar an kora su. Baba ya tsaya. Ya duba dama, ya daɗe. Ya juya kai hagu.

"Hagu babu kowa," ya faɗa wa kansa, ya fara ɗaga ƙafa.

"Baba, akwai mutum!"

Birki ya kama nan take. Wani mai baro ne, ya ɗoro tsofaffin batura, ya riga ya shigo gaban taya. Tsakanin gwiwarsa da fitilar motar bai kai tsawon hannu ba. Ya ja baronsa baya, ya leƙo ta taga yana huci.

"Haba tsoho! Ba ka gani ne?"

Bai jira amsa ba, ya tura kayansa ya wuce yana mita.

Inji yana ta aiki, shiru kamar kullum. Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Wata mota ta zo bayansu ta yi hon, ta sake yi.

"Na taɓa shi?"

"A'a, Baba."

"Ka duba da kyau?"

"Na duba. Ko baron ba ka taɓa ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ja birkin hannu, ya kashe, ya zare makulli. Ya fita ya bar ta a nan tsakiyar ƙofa, mai hon yana ta yi.

Mai burodi da bakanike sun ƙaraso suna haki. Baba ya kama hannun mai burodi ya sa masa makullin a tafi, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Kulocinta ba ya son a jingina masa ƙafa. Ka gaya wa duk wanda zai ja ta."

"In sha Allahu, Baba. Ka yi haƙuri in na yi magana ba daidai ba."

"Ba a taɓa buga ta ba. Ba sai ka yarda ba."

Mutumin ya buɗe baki. Baba ya ɗaga masa hannu.

"A'a, bar shi. Sauran ku ƙarasa da yaron nan. Ku janye ta, kun tare wa mutane hanya."

Ya samu benci a inuwa ya zauna, ya juya wa filin baya har aka gama. Bai waiwaya ba ko da ya ji an tayar da ita.

Bas ɗin komawa a cike yake. Wani saurayi ya tashi ya ba Baba wuri a bayan direba, Auta ya tsaya a kansa riƙe da ƙarfe. Direban yaro ne mai zafin ƙafa, yana kutsawa tsakanin motoci yana zagin kowa. Auta ya jira Baba ya yi masa faɗa, don Baba bai taɓa shiga motar wani ya yi shiru ba. Bai ce komai ba. Hannayensa suna kan gwiwa.

"Baba," in ji Auta a hankali, "fentin nan..."

"Dogo ya iya aiki. Ka biya shi?"

"Na biya."

"To shi ke nan."

Wata babbar mota ta tsaya a gabansu ba zato. Tun kafin direba ya farga, Auta ya ga ƙafar Baba ta dama ta danna ƙasan bas ɗin da ƙarfi. Ta daɗe a danne, har bayan sun tsaya.