Baƙuwa a Bangon Auta

Auta ce ta tayar da maganar. Ta kama sabon gida, ta yi fenti, ta rataya labule, sai ta kira ni ta ce bangon falonta hoton Umma yake jira, babba, wanda mutum zai hango tun daga bakin ƙofa. Ita fa ba ta san Umma ba, tana rarrafe aka yi rasuwar. Kuma hoton Umma ɗaya tak muke da shi a duniya, wanda ta ɗauka zaune a kujerar ƙarfe, hannu a cinya. Na ce mata, "Bar min wannan, ai ni ce babba."

Hoton yana wayata, a gurup ɗinmu na gida. Na rufe keken ɗinkina, na nufi shagon buga hotuna da ke bayan kantin magani. Shago ne ɗan tsukuku, ga warin tawada, ga wata ƙatuwar na'ura ta cinye rabin ɗakin. Na tura wa mai shagon hoton, na ware hannuwa na nuna masa girman da nake so. Ya buɗe shi a kwamfuta, ya ja shi ya cika gilashin.

Wallahi sai da na dafa tebur. Fuskar Umma ta farfashe, ta koma 'yan murabba'ai, wani baƙi, wani ruwan ƙasa. Ba ido, ba baki.

"Innalillahi! Malam, me ka yi wa uwata?"

"Ban taɓa ta ba, Anti," in ji shi. "Haka kika kawo ta. Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera, mu muna ce musu fiksel. A waya suna matse da juna, ido ba ya raba su. Naki 'yan kaɗan ne, in aka baza su a babbar takarda dole kowanne ya kumbura."

"To ka ƙara mata ɗigon mana!"

"Daga ina? Ki kawo min na asali, na takarda, in ɗauke shi da kyau."

Ni tela ce, na gane. Yadin da ya ishi rigar jariri ba zai rufe ƙato ba, ko ka ja shi har ya yage. Nan take na kira ƙanena, wanda muke tsokana da Injiniya saboda a ganinsa ba abin da bai sani ba a waya. Album ɗin gida a wurinsa yake.

"Wane na asali kuma, Yaya?" ya ce, yana ma tauna wani abu. "Ai lokacin da na tashi daga tsohon gida na tarar danshi ya ci album ɗin, duk ya yi wari. Na ɗauke hoton a waya, na tura muku, na zubar da tarkacen."

"Ka zubar? Ka zubar da Umma a bola?"

"Haba Yaya, ai tana waya. A waya abu ba ya tsufa."

"To turo min wanda ka ɗauka da farko."

Wai waccan wayar ta faɗa ruwa tuntuni. Wanda ke gurup ɗin ma ba shi ba ne, matar kawu ce ta ɗauki hoton gilashin wayarta ta sake turowa bayan namu ya ɓace. Na zage shi tas a gaban mutane, ban ji kunya ba, har yau kuma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Mai shagon ya miƙo min kujera. Ya ce akwai wata manhaja da ke gyara irin waɗannan hotuna, tana cike gurbin da ya ɓata. Jin an ce gyara, ban ƙara tambaya ba. Na ce ya gyara, ya buga, ya sa a firam. Masu ɗinki suna jirana, na koma shago. A hanya na kira Auta na ce an dace, ta biya ta can in ta tashi daga aiki.

Ta riga ni zuwa. Ina shiga na tarar da ita durƙushe a gaban firam ɗin da aka jingine da bango, jakarta yashe a ƙasa. Na leƙa ta saman kafaɗarta.

Kujerar ƙarfen ce. Zanen ne, har da furanninsa. Amma matar da ke zaune ban taɓa ganinta ba. Kyakkyawa ce, tar da ita, ana iya ƙirga gashin girarta. Haƙoranta a jere reras, alhali Umma wushirya gare ta. Idon Umma na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, shi ya sa ko faɗa take yi kamar tsokana take. Wannan idanunta daidai wa daida. Hancin ma ba nata ba ne.

Na ja mai shagon gefe. "Wace ce wannan?"

"Na'urar ba ta san mahaifiyarku ba, Anti," ya ce ƙasa-ƙasa. "Inda ba ta ga komai ba, cinka take yi."

Na juyo in ce a sauke, a yaga, a ƙona. Auta ta ɗago, fuska sharkaf da hawaye, tana dariya. Yatsanta yana kan gilashin.

"Yaya, dubi! Ashe hancinta na ɗauko. Kullum kuna cewa ban yi kama da kowa ba a gidan." Ta goge gilashin da gefen mayafinta. "Ita ce ko? Haka take sak?"

Na ce a raina bari in tabbatar tukuna, kada in yi wa yarinya ƙarya, kada kuma in ƙwace mata uwa a banza. Na rufe ido in ɗauko fuskar Umma, yadda na saba ɗauko ta duk lokacin da na so. Sai wannan matar ta zo.