Baitin Da Ba Ya Kan Faifan

Sana'ata tono waƙoƙin da duniya ta manta da su. Daga ɗan shagona a Ludlow nake farautar faya-fayen samarin nan masu dogon gashi na shekarun 1970, waɗanda waƙarsu ɗaya kan cinye gefen faifai guda, in sake buga su sabbi.

Haka na kai ga Delyth Prosser, wata tsohuwa mai kiwon tumaki a bakin iyakar Wales. Yayanta Ivor shi ne mawaƙin wata ƙungiya da ta yi faifai ɗaya tak, a rumbun ciyawar gidansu aka ɗauke shi. Ranar da suka gama, Ivor ya fita, bai sake dawowa ba. An duba kogi, an duba tsaunuka, shiru.

Ta sauko mini da tef ɗin asali daga saman kwaba, sai warin danshi yake.

"Ungo, yaro," in ji ta, ko da yake furfura ta gama cinye kaina. "Hayaniya ce zalla. Babanmu ya rantse har shanu sun daina ba da madara saboda su."

Da na gyara tef ɗin, na koma na kunna mata a kicin. Ashe bayan waƙar ƙarshe ba su kashe na'ura ba. Muka ji dariya, muka ji ƙarar ƙofa, sai muryar saurayi: "Del, kar ki taɓa mini jita, yanzu zan dawo." Takunsa a kan tsakuwa ya yi ta nisa har ya ɓace.

Delyth ta saurara har tef ɗin ya ƙare. Sannan ta ce, "Kada ka yanke wannan."

Faifan ya fito da bazara. Da kaka wata nas mai suna Ishbel ta bugo mini waya daga wani gidan kula da tsofaffi a Oban, can arewa a bakin teku. Ta ce mijinta ya sayi faifan, ta kunna shi a falon gidan, sai wani tsoho da suke kira Tam, wanda ba shi da kowa kuma ba ya magana, ya kama bin waƙar baiti-baiti.

Ni da Delyth muka hau jirgin ƙasa mu je mu ga ko Ivor ne. Delyth ta sa kwat ɗinta na zuwa coci, ko burodin da ta ƙunso ba ta taɓa ba.

Da muka isa, kallo ɗaya ta yi wa Tam, kafaɗunta suka sauka. "Ba shi ba ne. Ivor dogo ne, ga kunnuwa kamar faranti."

"Tun da kun sha hanya, ku dai saurara," in ji Ishbel, ta ɗora allurar na'urar a kan faifan.

Tsohon ya bi waƙar da wata siririyar murya. A waƙa ta uku akwai wurin da Ivor ke yin shiru, jita da ganga su yi ta tafiya su kaɗai. Tam bai yi shiru ba. Ya ci gaba da wani baiti, na wata mata da ke shanya a cikin iska, zannuwan gado suna naɗe ta har ba a ganinta.

Delyth ta damƙe hannuna. "Mamarmu ce," ta raɗa mini. "Bayan rasuwarta Ivor ya yi baitin. A gida kawai yake rerawa, ya hana a ɗauka."

Ta durƙusa gaban kujerarsa. "Bawan Allah, a ina ka ji wannan?"

"A jirgin kamun kifi," in ji Tam. Ishbel ta toshe baki da hannu don mamaki, shi kuwa ya ci gaba. "Dogon nan ne. Kullum sai ya ce gobe zai tafi gida."

"Yana ina yanzu?"

Tam ya juya ga taga, inda teku ke dukan duwatsu. Muka yi ta tambaya har aka kawo abincin rana, bai ƙara cewa uffan ba. Kafin ƙarshen hunturu ya rasu.

Delyth ta sayar da tumakinta, ta kama ɗaki a Oban. Tana bin tashoshin jiragen ruwa tana tambayar tsofaffin masunta labarin Ivor. Wasu sun ce kamar sun san shi, amma kowa da sunan da yake kiransa.