Gam a Gindin Fiffike

Amosanin gaɓɓai ne ya raba Wendell Kroeker da haɗa jiragen wasa masu rimot da hannunsa. Mutumin da ya tsufa yana feƙe katako yana manna haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya, wai yau shi ne da sayen na cikin kwali, wanda kamfani ya gama haɗawa, kai dai ɗaura inji ka tashi. Ƙaton jirgi ne ja, fukafukansa sun fi ƙofar ɗaki tsawo. Kyau kam ba a magana.

Damuwar ita ce bara jirage biyu ya farfasa, ɗaya ma saura ƙiris ya faɗa kan motocin mutane. Lowell, abokinsa tun na samartaka, shi ke kula da tsaro a ƙungiyarsu ta masu tashin jirage da rimot a can bayan gari, a jihar Kansas. Ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in ya ƙara yar da wani, to matsalar ido ce, sai ya haƙura da manyan jirage.

"Idona garau yake, ɗan rainin hankali," in ji Wendell.

Ranar Asabar da hantsi jirgin ya tashi lafiya lau. Ya zaga fili da shi, sannan ya ja shi sama zai wuntsila. Sai ji aka yi ƙas! Fiffiken hagu ya ɓalle ya kama gabansa, gangar jikin ta yi ƙasa da ka, ta dake cikin gonar waken soya.

A filin nan wanda jirginsa ya faɗi ba ya zuwa kwasa shi kaɗai. Kowa ya ajiye kofin kofinsa, aka ɗauki baƙar ledar shara aka bi bayan Wendell. Rakiyar nan ta fi zagi ƙona masa rai.

Ya durƙusa da ƙyar, ya laluba gindin fiffiken da babban yatsa, inda yake haɗuwa da jiki. Katako ne sumul. Inda ya kamata gam ya cika, ɗigo biyu ne kacal.

"Lowell! Zo ka gani da idonka! Wannan aiki ne? Sun rufe shirme da leda mai ƙyalli sun sayar wa mutane! Ba hannuna ba ne, ba idona ba ne!"

Aka yi ta miƙa wa juna fiffiken ana tsaki. Lowell ya juya shi, ya sake juyawa.

"Gaskiyarka, tsoho. Aikin banza ne."

"To fa!"

"Amma nan wurin a buɗe yake, ta nan ka zura wayoyinka. Kai ka koya mana haska gindin fiffike da tocila kafin tashin farko. Ni ma sai da ka taɓa kora ni gida a kan haka. Ka leƙa?"

Wendell ya leƙa mana, abin haushin ke nan. Da tocila ya leƙa, da tabarau a hancinsa, kuma ya ga gam ya cika maƙil.

Ya karɓi fiffiken ya kawo shi dab da fuska, ya ɗan nisanta shi, ya karkata shi wajen rana. Ɗigo biyun da yatsansa ya ji, har yanzu bai gan su ba.

"Buɗe ledar sharar," ya ce.