Ɗan Aiken Cikin Jini

Taiba ta ajiye tulunta a bakin rijiya ta yi sallama. Matan ƙauyensu Faru, waɗanda in sun fara gaisuwa sai sun tambayi har awakinka, kowace ta duƙufa a kan guganta. Ko tari babu. Wata ma janye bokitinta ta yi, kada ya taɓa nata.

Magana ɗaya ce ta jawo mata wannan. Ɗanta Mas'ud tun yana goye ciwo bai bar shi ya huta ba, yau ƙirji, gobe kunne. A babban asibiti likita ta zaunar da su ta ce, "Baiwar Allah, sojojin da ke cikin jininsa suna nan. Amma akwai wani sinadari da ke kai saƙo tsakaninsu, kamar ɗan aike, ya ce ku tashi ku haɗa makamin kashe cuta. Shi ne babu a jikinsa, shi ya sa garkuwar jikinsa ta yi rauni. Da abin aka haife shi, ba a ɗauka."

Jatau, wan marigayi mijinta, shi ya raka su. Duk bayanin nan "garkuwar jiki" kaɗai ya tsinta, don a rediyo kullum tare da ƙanjamau yake jin ta. Shi ke nan fa! Kafin la'asar gari ya ɗauka.

*

Ranar komawa asibiti ta zo. In yaron ya rasa maganin da ake ƙara masa ta jijiya, ciwon dawowa yake da ƙarfinsa. Ta sami Hamma mai kabu-kabu a gindin itacen bedi.

"Hamma, don girman Allah ka kai mu Mafara mu samu mota. Wallahi ba abin da kuke zato ba ne."

"Ba ni da mai," in ji shi, yana kallon ƙasa.

A gabanta ya ɗauki wani ya tayar da babur. Abin ya yi mata ciwo.

Ta goya Mas'ud, ƙafafunsa na dukan cinyoyinta, ta kama hanyar gona. Suka ci karo da manoma. Yaron ya ɗago kai.

"Ina kwananku? Ina gajiya?"

Manoman suka ratse cikin dawa suka wuce. Ya bi su da kallo har suka ɓace.

"Inna," ya ce a hankali, "su ma ba su da ɗan aiken?"

Ta gyara goyon, ta ci gaba da tafiya.